Taku Goma Sha Ɗaya

Kakana Malam Barmo ya taso daga Haɗeja a ƙafa,
niyyarsa Makka, guzurinsa ya ƙare a Sawakin.
Ya ce zai jira jirgi na gaba.
Shekara arba'in yana jira, har ya gina ɗaki uku
da dutsen murjani,
aka haifi ubana a na tsakiya.

A zamaninsa, daga ƙofar gida zuwa bakin ruwa
taku sittin ne, in ji Goggo Tasalla.
Jiya na auna da ƙafata:
goma sha ɗaya.

Teku ba ta sallama.
Da dare take zuwa, ta lashi gindin katanga
kamar akuyar da ta samu kanwa,
da safe in tarar gishiri ya yi wa bango furfura.

Na sayar da injin kwale-kwalena,
na sayi siminti buhu talatin,
na yi ciniki da mai tifa ya zubo duwatsu.
Ranar da muka ja igiya za mu haƙa tushe,
sai ga Ohaj bisa babur, takarda cikin leda.
Tare muka koyi iyo a wannan gaɓa,
yau rigar hukumar muhalli ce a jikinsa.

Ya ce, "Mamuda, ajiye shebur.
Daga nan zuwa bakin ruwa doka ta hana kankare.
In ka tsayar da bango, ruwa ba gida zai koma ba,
kaucewa zai yi, ya ci tsakar gidan Adarob,
ya tone saiwar shorar da ke bayanku,
inda 'ya'yan kifi ke fakewa kafin su isa kamu."

Na ce, "Ashe kifi na da takarda, ni ba ni da ita?
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Wanda ya rubuta dokarka a bene yake kwana,
bai taɓa ɗaga tabarmar uwarsa
ya ga kaguwa a ƙarƙashi ba."

Bai amsa ba. Goggo ta kawo gahawa mai citta.
Sai a kofi na biyu ya ɗora tafinsa a bangonmu,
ya ce, "Daga ina aka saro wannan dutse?"

Na sani. Kowa ya sani.
Can gaba, inda ruwa ke sauya launi,
nan igiyar ruwa ke karya ƙafa kafin ta iso.
Kakannimmu suka sare shi suka yi ɗakuna,
mu muka sare shora muka ba raƙuma,
ni da hannuna na ɗauko dami ya fi a ƙirga.
Bashi ne, ashe, mai shi ya zo karɓa.

Duk da haka ban yafe wa takardar ba.
Bashin gari guda ne,
me ya sa a ƙofata ake biya?

Ga abin da ya bari: buhunan yashi,
duwatsu cikin ragar waya, ba siminti,
da dashen shora ɗari biyu daga gandun hukuma.
Ya ce shekara goma su yi ƙarfi.
Na ce teku tana cin taku guda a shekara.
Muka yi lissafin a zuci, kowa ya kau da kai.

Simintin na zaure, danshi ya fara mayar da shi dutse.
Da asuba ni da 'yata Ramatu muna cikin taɓo har gwiwa,
tana miƙo dashe, ina tokarewa da kara.
Arba'in sun mutu. Sauran sun fid da ganye bibbiyu.

Goggo na kallonmu daga bakin ƙofa, carbi a hannu.
Ta ce gidan nan dama da jira aka gina shi.