Dala Ɗaya ta Lonnie

Dusar ƙanƙara ta binne motar Gus har madubi,
tafkin Erie ya daskare tun Janairu,
mu kuwa muna ɗakin ƙasa na gidana, mu goma sha biyu,
kusa da injin wanki mai karkarwa,
muna cacar baki kan kuɗin da babu su.

Shekara goma sha tara ke nan.
Ba wanda aka taɓa biya a cikinmu don ya riƙe sandar besbol.
Ni tsohon direban bas, Gus mai gyaran famfo,
Thaddeus malamin lissafi,
amma watan Maris na kamawa sai mu zama attajirai:
dala ɗari biyu da sittin kowa, a takarda,
mu yi gwanjon 'yan wasan da ba su san muna duniya ba.

Thaddeus ya miƙe, ya gyara tabarau.
Ya ce, "Dokarmu ta tsufa.
Mutum ya tsinci yaro da araha, ya ƙanƙame shi har abada,
saura sai haɗiyar yawu.
Duk wanda ka riƙe, albashinsa ya hau dala biyar a shekara.
Ya cika shekara uku, ya koma kasuwa."

"Biyar? Ko kunya babu!" in ji Gus. "Uku."
"Huɗu."
Aka daki tebur, gyaɗa ta watse.
Wendell ya tono cinikin da aka cuce shi
tun gashin kansa na baƙi,
muka sake sauraro, kamar bara.

Ba wanda ya dubi kujerar ƙarshe.
Marguerite ce a kai.
Lonnie ya rasu a Nuwamba,
ya bar mata gida mai yoyo, da littafi mai shuɗin bango,
da ƙungiyarsa da ya raɗa wa suna Tsatsa.

A shafi na tara akwai Ozias.
Wani dare ana yayyafi Lonnie ya gan shi a ƙaramin fili,
siririn yaro, riga ta yi masa yawa,
ya buga sau huɗu bai taɓa ƙwallo ba.
Lonnie ya saye shi dala ɗaya. Muka yi dariya har da hawaye.
Yau yaron kan tura ƙwallo bayan katanga sau arba'in a kaka,
kuma har yanzu dala ɗaya ne.
Ko a asibiti, da robar iska a hanci,
sai Lonnie ya ɗaga mana yatsa guda.

Na yi gyaran murya, ni ne kwamishina.
Na ce, "A yi dokar, amma a tsame Ozias."
Ɗakin ya yi tsit. Injin ma ya gama wanki.

Marguerite ta ce, "A'a.
Babana bai taɓa cin wasa da alfarma ba,
ba zai fara daga kabari ba.
Nawa yaron zai kai a gwanjo?"

Thaddeus ya duƙa kan fensir, kunnuwansa sun yi ja.
"Arba'in da takwas. Ƙila hamsin."
"To ku tanadi hamsin da ɗaya," ta ce,
"don ina nan zuwa."

Hannu goma sha ɗaya suka tashi.
Nawa ne kaɗai ya zauna a cinya.

Ta buɗe shafi na tara.
Ba ta goge ɗayan ba.
A gefensa ta sa alamar tambaya, ƙarama,
ta rufe littafin.

Muka haura da shebur uku
mu haƙo motar Gus,
shi kuwa yana tsaye, hannu a aljihu,
yana cewa da uku aka yi, da ya fi adalci.