Ranar da Na Ɗauke wa Albasa Ruwa

Na kashe injin ban ruwa da la'asar sakaliya.
Shiru ya sauko wa fadamar Galmi,
har kunnena ya shiga neman ƙarar da ya saba.
Wata huɗu ina bin albasar nan, komi bayan komi,
laka ta cinye mini kaushin ƙafa,
bashin mai ya cinye mini barci.
Yau na naɗe tiyo, na jingine shi a gindin gawo.

Asabe, ɗiyata, ta iso da fura a ƙwarya.
Ta tsuguna, tana tsokanar tururuwa da tsinke.
Ta ce, "Baba, an faɗa mana a majami'a
Allah ya yi aiki kwana shida, ya huta a na bakwai.
Shi ma bayansa ne ke ciwo, irin naka?"

Na yi dariya har na ƙware da fura.
Daga baya na rasa ta cewa.

Wanda ya rataye rana babu igiya,
ya cika kwarin Majiya bai ja guga ba,
ina gajiya za ta same shi?
Ba ya haki. Ba ya neman inuwa.
To, hutun mene ne?

Sai tsohona Tankari ya faɗo mini a rai,
shekarar da na ƙi jin maganarsa,
na yi ta shayar da albasa har jajibirin cira,
wai don ta ƙara nauyi a buhu.
Kafin wata biyu ta ruɓe a rudu,
warinta ya kori awaki.
Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai,
"Yaro, aikin ƙarshe shi ne ɗauke hannu.
In ba ka bar ta ba, ba za ta zama kanta ba."

Na ce wa Asabe, ina jin haka ne:
ya duba sama, ya duba ƙasa,
ya duba jimina da ƙwaron da kike tsokana,
bai ga inda za a ƙara ko ƙwayar gero ba.
Sai ya ɗauke hannu,
ya zauna cikin abin da ya yi
kamar mai gida a daren da aka gama daɓe.

Ta ce, "Mutum fa?"

Mutum auta ne, sai a rana ta shida ya zo.
Bai kafta ba, bai yi dashe ba,
bai san nauyin kwashe ba tukuna,
gari na wayewa ya tarar da hutu a bakin ƙofa.
Nan maganar ta tsaya mini a wuya,
ni da na ɗauka hutu lada ne,
sai an biya shi da gumi, kamar kuɗin ƙodago.
Ashe tun farko kyauta aka ba mu,
aiki ne ya biyo baya.

Gawon nan ma ya sani:
damina na tsayawa, kowa na rububin ganye,
shi sai ya zubar da nasa, ya tsaya tsirara,
ba ya tsoron a ce masa rago.

Gobe Lahadi. Dillali Ma'azu zai zo da motar Abijan,
zai danna oda, zai ƙara jika biyu a buhu
in na yarda mu cire da safe.
Bashin mai yana nan, bai san ranaku ba.
Ban ce zuciyata ba za ta yi rawa ba.

Na so in ƙara gaya wa Asabe abu ɗaya:
kowace rana an ƙirga mata yamma da safiya,
ta bakwai kaɗai ba a ce ta yi yamma ba.
Da na waiga, barci ya kwashe ta
a kan buhunan da ba a cika ba tukuna,
tsinken yana hannunta.

Ban tashe ta ba.
Ganyen albasa ya fara kwanciya da kansa.