Saura Gado

Na sauka Yelwa asuba ba ta gama buɗe ido ba,
da riga ɗaya, irin ta mutumin tudu
wanda ya ɗauka ya san sanyi
don ya taɓa kwana a bakin Bakolori.
Mai shayi ya dube ni, ya dubi rigar,
bai tambayi daga ina nake ba,
ya dai ƙara mini citta.

Sanyin garinmu ta taga yake shigowa, a toshe a huta.
Na Yawuri daga ƙasa yake tasowa,
ya kama ƙafa tukuna kamar mai neman gafara,
ya hau gwiwa,
ya sami ɓargo ya yi zaune.

Kwara na kwance yana tururi
kamar tukunyar da aka sauke, masu ci ba su zo ba.
Jirage a ɗaure suna gugar juna, awaki a turke.
Ba mai son ya fara taɓa ruwa.

A aljihuna akwai shafi daga littafin Baba,
ajami ne, tawadar ta koɗe:
Gado mai jirgi, Yelwa, ladan fiton albasa buhu tara, ban biya ba.
Shekara ashirin da shida ke nan.
Mun yi addu'ar arba'in, mun raba gado,
saura Gado.

Gado uku aka nuna mini.
Na farko bai kai shekarun bashin ba.
Na biyu fetur yake sayarwa, ya ce in dai kuɗi ne, shi ne.
Na uku na same shi a bayan kifaffen jirgi
yana cusa auduga a tsaga da bakin wuƙa,
yatsunsa sun ƙi lanƙwasa,
wutar gabansa kara uku ce, tana ta ƙoƙari.

Na ce Jatau na Mafara ne ubana, mai sayen albasa.
Ya ajiye wuƙar.
Dariya ta zo masa tare da tari.
"Mai tsoron ruwa!
Tun daga gungu har gaɓa yana riƙe da ƙafata,
ni ina tuƙi, shi yana salati."
Na karanta masa takardar.
Ya ce, "Kuɗi kam ban tuna ba.
Abin da na tuna, dari ne irin na yau,
ɗana Kwasau ya faɗa ruwa wajen ɗaure jirgi,
ubanka ya kwance bargonsa ya naɗe yaron,
ya koma mota haƙora na kaɗawa.
Wannan bai rubuta ba?"

Na juya shafin. Babu.

Muka yi shiru. Wani tsuntsu ya ratsa ruwan ƙasa ƙasa.
Can ya ce, "Amma ba a barin mamaci da kaya a ka.
Ga Tumba can da itace. Sayo duka."

Na sayo duka, dami goma sha ɗaya.
Wuta ta tashi har sai da muka ja baya.
Masunta suka fito daga inda sanyi ya ɓoye su,
da masu dako, da mata biyu masu banda,
da wani kare da ba na kowa ba.
Aka jefa tarwaɗa a garwashi.
Wani ƙaton mutum mai furfura a gemu
ya miƙa mini tsakiyar kifin,
aka ce ai shi ne Kwasau.
Ba wanda ya san wutar ta wace ce,
Gado kuwa bai faɗa ba.
Ya karɓi takardar, ya duba ta a juye,
ya ba wuta ta karanta.

Rana ta fito da hantsi, ba ƙarfi, kamar mai jinya.
Jirgin farko ya yanka ruwa ya nufi gungu.

A mota, mun wuce Koko,
na kusa da ni ya shinshini rigata
ya ce, kifi ka saro?
Na ce a'a, biya na je yi.
Har Jega tafin hannuna da ɗumi.