Yadda Kuɗinmu Ya Kwana

Ƙarfe uku na dare a Bradford,
tsohon ɗaki na tara ya yi barci, haƙoransa na cikin kofi.
Na rakuɓe jikin injin wanki don ɗuminsa,
na buɗe waya in ga yadda kuɗinmu ya kwana.

Ya sake faɗuwa.
Fam guda ya haifi abin da bai haifa jiya ba,
ni kuwa, Allah ya yafe mini, na yi murmushi,
irin na mai sayar da likkafani
da ya ji annoba ta shigo gari.

Sai ga muryar Tasalla, minti huɗu.
Bayan gaisuwa da ya sanyi,
ta ce mudun wake ya hau inda hannu ba ya kaiwa,
Ɗanlami mai shago ya daina rubuta farashi,
wai kafin tawada ta bushe an sauya.
Manja a murfin kwalba ake aunawa.
Yara sun saba da shayi ba madara,
autan ma ya ɗauka haka Allah ya yi shayi.
Ta yi dariya. Na san dariyar nan,
da ita Inna ke rufe tukunyar da ba kowa a ciki.

Ban faɗa mata ba
cewa shekaranjiya a shagon titin Leeds
na ɗauki doya guda, na juya ta kamar jinjiri,
na duba wuyanta, na mayar.
Ban faɗa mata mitar wuta na cin tuwona ba,
ko cewa da rigar sanyi biyu nake kwana.
Wanda ke cikin rijiya ba a ba shi labarin yayyafi.

Na tura ɗari da ashirin.
Sifili suka jeru a fuskar waya
kamar ƙwai a faranti,
sai dai ba mai soyuwa.
Kafin ta kai kasuwa da hantsi
rabinsu sun fashe a hanya.

Da safe Mista Holroyd zai ci cokali uku, ya ture kwano.
Doka ta ce in zubar.
Zan zubar, in rubuta a takarda: ya ci kaɗan.

Ga ƙararrawar ɗaki na tara.
Na sa waya a aljihu, Tasalla na ciki tana cewa
kada in damu, suna lafiya.