Lissafin Tsohon Mai Tikiti

Balaraba ta bugo daga Jamus, ta ce,
"Baba, akwai wani kati da ake saya sau ɗaya,
ka yi kwana bakwai kana hawa jirgin ƙasa
duk inda ranka ya nufa."
Na ce ta dakata in buga lissafi.

Shekara ashirin da shida na yi a bayan taga
a tashar Jos, ina miƙa tikiti, ina ƙirga canji.
Kafanchan da kuɗinta, Gombe da nata.
Ban taɓa ganin takarda guda ta haɗiye gari goma ba.

Da dare, sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa,
na ɗauko biro da bayan takardar kuɗin wuta.
Yuro ɗari uku da ɗoriya.
Da na juya shi zuwa naira
sai da biron ya tsaya ya numfasa.
Buhun dankali nawa ke nan a Farin Gada?

Wai kuma jirage masu gudun tsiya
sai ka ƙara kuɗin kujera daban.
An sayar maka da riga, aljihu kuma ciniki ne na gobe.

Uwani na ɓare gyaɗa, ba ta ko ɗago ba:
"Kai da gwiwarka ke kai ƙara tun daga Bukuru,
ƙasa nawa za ka taka?
Jika za ka gani, ba duniya ba."

Gaskiyarta. Tafiya uku ce ta dole:
daga filin jirgi zuwa gidan yarinya,
ziyarar surukai,
sai komowa.
In na yanka ɗaya-ɗaya, arba'in za ta ragu.
Na sake bugawa. Arba'in ɗin dai.
Lissafi ya ce kar in saya,
kuma ni da lissafi ba mu taɓa faɗa ba.

Da safe na bi ta tsohuwar tasha.
Ciyawa ta rufe dogo,
akuya na kwance inda fasinja ke layi,
tagata an toshe ta da kwano.
Na daɗe tsaye.
Dubban mutane na sallama ta ramin nan,
ni ko Kuru ban wuce ba sai da dalili.

Na kira Balaraba. Na ce saya.
Ta ce, "Baba, arba'in ɗin fa?"
Na ce kuɗin taga ne,
wadda ke tafiya.

Uwani ba ta sani ba tukuna.