Mahaɗi

Ruwan Agusta ne ya cuce ni.
Ya bi ta kan eriya, ya silale cikin waya
kamar ɓarawon da ya san gidan,
ya kwanta a mahaɗi har ya yi kore shar.
Ina tsaka da hira da Ilyasu na Agadas,
yana cewa, "Ka san 'yata Takko ta..."
sai shuuu.
Ta me? Ta haihu? Ta ci jarrabawa? Ta kwanta ciwo?
Kwana goma sha ɗaya rabin maganar nan
tana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi.

Na sauka Dilimi da maganaɗisu a aljihu.
Obiora ya zazzage mini su a kan tebur
suna walƙiya kamar haƙorin Makka.
"Orijina ne, Baba, yanzu aka fasa kwali."
Na miƙa maganaɗisu,
suka yi tsalle suka rungume shi.
Tagulla ba ta haka.
Tagulla tana da kunya.
Na goga ɗaya da magagari,
adon ya zube, ƙarfen gwangwani ya leƙo.
Wanda na saya bara a Taminus ma,
da ya ji zafin dalma
farin cikinsa ya narke kamar man shanu a kan tuwo,
tsinken tsakiya ya karkace yana kallon gabas.

Abin da ke ba ni haushi:
kakana ya ƙare ƙarfinsa a ramin kuza,
ya ɗora ƙasar nan a kai, kwano bayan kwano,
aka loda a jirgi aka tafi da ita.
Yau ga jikansa da kuɗi a hannu
yana neman ƙarfe mai gaskiya, kamar babban yatsa,
a garin da aka haƙe wa ciki.

Wani mai gyaran talabijin ya ce, "Je Bukuru,
ka tambayi gidan Baba Chollom."
Na same shi yana ɓare dankali, rigar sanyi biyu a jiki.
Shi ke riƙe da rediyon kamfani
tun ina rarrafe.
Ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado.
Guda bakwai ne, baƙaƙe wuluk,
ba wanda zai tsince su a hanya.
Na ɓata fuska. Ya yi dariya har da tari.
"Azurfa ce, yaro. Ita ke baƙi in ta tsufa.
Jabu ne ba ya tsufa, mutuwa kawai yake yi."
Na ɗora ɗaya a tafi, na ji nauyi.
Na murɗa, zaren ya shiga sumul,
babu gardama, babu kuka.

Ya ƙi kuɗi.
Ya ce biyu zai ba ni, da sharaɗi:
in zo in ɗauke shi ranar da zan kunna.
Shekara ashirin rabonsa da jin sama tana magana.

Daren Talata, Unguwar Rogo, babu wuta.
Batirin mota, tocila a bakina,
Chollom na riƙe da waya, hannunsa na rawa,
nawa ma haka.
Dalma ta gudu ta cika ramin, ta yi sheƙi.
Na naɗe da tef sau uku, saboda Agusta bai tafi ba.
Allurar mita, da ta saba miƙewa tana zagina,
ta kwanta lamo.

Na kira. Shiru. Na sake kira.
Can, daga bayan duwatsu da rairayi,
siririyar murya kamar zaren gizo:
"Ɗalhatu? Ina ka shiga?
Takko ta haifi tagwaye, har an yi suna!"

Chollom ya karɓi makirfo,
ya riƙe shi da hannu biyu,
ya daɗe bai ce komai ba,
sannan ya tambaya
ko can ma ana ruwa.