Uku ga Wane Wata?

An ɗauke wuta a ɗakin shan magani na Harbo,
cajin kwamfuta saura ƙiris.
Layi ɗari uku, kowa da hannunsa:
Tasi'u ya fara da rana,
baƙuwar nas ta fara da wata,
Iya Barira ungozoma ta ce a rubuta
"daren cin kasuwar Gujungu, bayan ruwa ya kwantar da gero."

3/4.
Uku ga Afrilu? Huɗu ga Maris?
Kwana talatin ne tsakani,
allurar wani jariri na ciki.

Na jera shekara, wata, rana,
gida-gida, kamar kunyar gyaɗa.
Na Iya ya ƙi shiga layi.
Gobe zan hau keke in tambayo ta:
wane ruwan?